Ranar da Taubashina Ya Tsallakar da Ni Kwari

Shekarun baya, tun gemuna bai fara fari ba, sanƙarau ya kwantar da ni a asibitin Magariya. Allah Ya yi da sauran shan ruwana a gaba, na tashi, amma ciwon ya tafi mini da kunnen hagu, ya kuma bar mini jiri. Lokotoro, wato likita, ya ce abin da ke daidaita tsayuwar mutum a cikin kunne yake, nawa kuwa ya taɓu, sai dai jiki ya saba a hankali. In na juya da sauri, sai in ga bango ya biyo ni. Da rani abin da sauƙi, tunda ƙasarmu rairayi ce, ƙafa na nutsewa ta riƙe mutum. Damina ce ta tona mini asiri.

Tsakanin gidana da gidan mahaifiyata akwai wani ɗan kwari mai laka, inda a da ake haƙar ƙasar gini. Ruwa na sauka sai ya zama santsi kamar an shafa masa mai, ko mai lafiya sai ya yi bismillah kafin ya shiga. Ni kuwa tun da na ware gida, kullum da safe ta nan nake bi in gaishe ta kafin in wuce shago. Ran nan an kwana ana ruwa, na saka farin kaftani, na zura silifas, hannu ɗaya a aljihu irin ta manya. Ina tsakiyar kwarin wani dattijon unguwa ya ɗaga mini murya daga hagu, gefen da ba na ji sosai. Ka san mu da gaisuwa, ba a barin babba yana jira. Na juya gaba ɗaya zan amsa, sai ga ni kwance ina kallon sama, hula can, takalmi can. Ban karye ba, ƙugu dai ya daɗe yana gaya mini magana. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne matan da ke dawowa daga famfo, da suka sauke bokitai suka kewaye ni da sannu.

Daga ranar na shige gida. Ƙanena ya riƙe shago, mai ɗakina ta hana ni ko ɗaukar buta, duk wanda ya shigo sai ya langaɓe kai ya yi mini sannu. Ina cewa hutawa nake yi, amma gaskiya tsoro nake ji. Ko hadari na gani ya haɗu, sai gabana ya faɗi.

Da mahaifiyata ta ga shiru, sai ita ta fara zuwa. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ga ƙwaryar fura a hannu, haka take ratso lakar nan kowace safiya. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa, don haka ba za ta taɓa cewa wajena ta zo ba. Kullum wai jikokinta ta zo gani. Na aika mai ɗakina ta roƙe ta ta dakata sai ƙasa ta sha iska, ta ce ba a haifi wanda zai raba ta da jikokinta ba. Wata safiya ta shigo zanenta duk laka har ƙugu, ba fura, ta ce akuya ce ta goge ta. Na san ba akuya ba ce, faɗuwa ta yi a kwarin, maganin abin kuma ɗaya ne, ni in riƙa zuwa, amma na kasa.

Ranar kasuwa sai ga ɗan kawuna daga Mallawa. Taubashina ne, tun muna yara ba ma raga wa juna, manomin rake ne da duk rayuwarsa a cikin taɓon fadama yake. Shi kaɗai ne bai yi mini sannu ba. Yana shigowa ya tambayi mai ɗakina ko mai jego ta gama arba'in, ya ce ya manta bai taho mini da kayan yaji ba. Na ji haushi, na kuma yi dariyar da na daɗe ban yi ba. Sai ya zauna kusa da kunnena mai ji, ya sassauta murya.

"Ɗazu da na iso na iske Gwaggo a kwari, da hannu take dafa ƙasa tana hawowa. In ta karye a shekarun nan, ba ta tashi. Gobe kai za ka je."

Washegari da safe, bayan wani ruwan, ya fito da ni. A bakin kwari ya sa na cire takalmi, ya tattare mini riga ya ɗaure a ƙugu don hannuwana su zama sake, ya miƙo mini sandar makiyaya. Na ce sanda ta tsofaffi ce, ya ce faɗuwa kuma ta jarirai ce, in zaɓa. Ya nuna mini yadda suke yi a fadama: a buɗa ƙafafu, a ɗan sassauta gwiwa, a sauke tafin ƙafa gaba ɗaya, taku gajere, sanda ta riga ƙafa. Ya ce in kafa ido kan wani dabino da ke ƙetare, kada in kalli ƙasa. Sannan ya ja mini kunne a kan abin da ya kayar da ni.

"A cikin laka ba ka da maƙwabci. Ko liman ne ya gaishe ka, ka tsaya cak tukuna, sannan ka amsa."

Ya shiga gaba yana tafiyar agwagwa, yana karkaɗa ƙugu da gangan, yana shelar cewa a ba da hanya ya fito da amaryarsa. Duk wanda ya gaishe ni, shi ke amsawa, wai amarya ba ta magana. Mutane suka yi ta dariya, rabi shi ake yi wa, rabi ni, na kuma ji dariyar ta fi mini sannu sauƙin ɗauka. A tsakiyar kwarin jirin ya zo, dabinon ya fara karkata. Na tsaya, na dogara kan sanda. Bai kama ni ba. Ya dai matso ya ajiye kafaɗarsa inda hannuna zai kai, ya bar tsokanar, abin da ban taɓa gani ya yi ba. Da ƙasa ta daidaita na ci gaba, ban dafa shi ba har muka haye.

Mun iske mahaifiyata a tsakar gida ta yafa mayafi, ƙwarya a hannu, za ta fita. Ta dube ni daga ƙafa zuwa ƙugu, ta kawar da kai, ta ce da taubashina, "Ka ce wa wancan ya wanke ƙafa kafin ya hau mini tabarma." Ta cire mayafin ta ninke, ta zauna tana dama fura.

Har yau jirin bai rabu da ni duka ba, kuma har yau in damina ta yi, za ka gan ni da sanda, takalmi a ɗaure a wuya, ina wuce mutane ba amsa sai na haye. Ƴan unguwa sun saba, wasu ma jira suke in iso tudu kafin su gaishe ni. Kwanan baya ɗan ƙanwata da ke karatu a ƙasar Turawa yake gaya mini haka suke lallaɓawa a kan ƙanƙara lokacin sanyi, na ce ya gaya musu a Mallawa aka ƙirƙiro wannan tafiyar.

Na taɓa ƙoƙarin yi wa taubashina godiya a tsanake, ya ce in riƙe abata, rago yake so. To ni dai ina yi masa addu'a a bayan idonsa, don ya san ni fiye da masu tausayina. Mahaifiyata ta ƙara wasu damuna kafin Allah Ya karɓi abarsa. Na yi kuka kamar kowa, amma akwai abin da ke sanyaya mini rai duk lokacin da na tuna ta: daga wannan safiya har ta bar duniya, ba ta sake taka lakar nan saboda ni ba. Ni ne mai zuwa.