Ragar Lambun Baba Birki

Baba Birki ake kiransa, domin duk tsawon shekarun da ya yi yana tuƙa tirela ba a taɓa jin ya buge ko akuya ba. Abokan aikinsa kan tsokane shi da cewa tun kafin ya tayar da mota yake taka birki. Da cutar yanar ido ta fara rufe masa ido ɗaya, bai jira an kore shi ba. Ya kai mukulli ofis da hannunsa, ya dawo gidan da ya gina a ƙarshen unguwa, inda daga katangarsa sai fili da ciyawa.

Bai iya zaman gida ba. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta saba da miji mai zuwa ya kwana biyu ya tafi, sai ga shi kullum a tsakar gida yana gyara abin da bai lalace ba. Ana cikin haka ciwon suga ya kwantar da ita. Likita ya ce ta rage tsaba, ta yawaita ganye. A ranar Baba Birki ya sayo fatanya.

Ya nome filin da ke bayan gidan, daidai tagar ɗakinta, ya shuka latas da kabeji da karas da alayyafo, ya jefa kabewa a lungu. Mutumin da bai taɓa rainon ko barkono a gwangwani ba, sai ga shi durƙushe yana yi wa tsiro magana.

Wata safiya ya fito da bokiti ya tarar latas ɗin kamar an bi shi da almakashi. Ga 'yan kashi ƙanana a kan kunya.

"Zomaye ne, Baba," in ji maƙwabcinsa mai walda, yana leƙowa ta kan katanga. "Katafila ta fara share filin can, an tashe su daga gidajensu. Kai kuma ka buɗe musu gidan abinci."

Ya jera ƙaya, suka bi ta ƙasa. Ya barbaɗa toka da garin barkono, ruwa ya wanke. Ya kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigar aikinsa, washegari ya ga sawunsu har gindin sandar. Inna ta yi dariya sai da tari ya sarƙe ta, ta ce, "Ai ko zomo ya san mai rigar nan ba ya take kowa."

Mai walda ya kawo shawarar tarko, ya kuma ce akwai wani magani da ake zubawa a ɓawon kankana. Baba Birki ya girgiza kai. "Abincin mara lafiya nake nomawa. Ba zan sa guba kusa da shi ba."

Sai ya sayo ragar waya mai ƙananan idanu. Ya haƙa rami ya zagaye lambun, zurfinsa ya kusa kamu guda, ya binne gindin ragar tare da lanƙwasa bakinta waje, yadda duk zomon da ya tona zai ci karo da ƙarfe. Mai walda ya haɗa masa 'yar ƙofa. Aikin ya ci masa baya, waya ta tsattsage masa yatsu, amma da ya ɗaure turken ƙarshe ya tsaya yana kallo kamar wanda ya sauke lodi lafiya.

Da gari ya waye ya ga zomanya a wajen ragar, a lungun kabewa, tana tono. Ya tafa hannu, ta matsa kaɗan ta dawo. Washegari ma tana nan, hancinta ya fashe da gogar waya. Ya ce a ransa, kwaɗayi bai kai haka ba, ga alayyafo can gefe ba ta ko kalle shi ba. Ya shiga ya ɗaga ganyen kabewar da sanda. Akwai ɗan rami a ƙarƙashi, an shimfiɗe shi da gashi da busasshiyar ciyawa. 'Ya'ya ne a ciki, idonsu bai buɗe ba. Biyu na motsi, sauran sun yi sanyi.

Ya daɗe a tsugune. Da ya ɗago, Inna na tsaye a taga, ta dafa ƙarfe.

"Malam, me ka gani?"

Ya faɗa mata. Ta kalli zomanyar, sannan ta ce, "Haka na tsaya a bayan gilashi, a asibiti. Ina ganinsa, ba a bar ni na taɓa shi ba."

Ɗansu na fari take nufi, wanda ya zo bakwaini bai yi kwana ba. Lokacin Baba Birki na kan hanya, ya dawo an riga an binne. Abin da ya ce mata a ranar shi ne a yi haƙuri, ita ma ta ce a yi haƙuri, kuma daga nan ba su sake ɗaga maganar ba har suka aurar da 'yarsu.

Ya miƙe. Ya ɗauko filaya ya kwance ragar ta wannan lungun, ya tone abin da ya binne da wahala, ya ja shingen ciki, ya bar kabewar da ramin a waje. Ya rufe matattun da ƙasa. Mai walda ya leƙo da zolaya a bakinsa, ya ga fuskar dattijon, ya haɗiye ta ya tsallako ya riƙe masa turke.

Da la'asar ya kai wa Inna ruwa, ya zauna a bakin gadonta, yana jujjuya hularsa.

"Da wa ya yi kama?" ya tambaye ta.

"Kunnenka ne da shi," ta ce. "Da wannan goshin naka."

Ta ba shi labarin duka: launin zanen da ta naɗe shi, da ma'aikaciyar da ta riƙe mata hannu, da yadda ta riƙa jin ƙarar kowace babbar mota tana cewa shi ne. Ya saurara har ta gama, hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

Shingen ya yi aikinsa. Zomaye suka cinye kabewar waje, na ciki ya tsira. Inna ta ci latas da kabejin mijinta shekarar nan da ta bayanta, tana cewa karas ɗinsa duk karkatattu ne. Ciwon ya taɓa mata ƙoda, ta rasu a farkon wata damina, da hantsi, yana zaune a gefenta.

'Yarsa ta yi ta fama da shi ya koma wurinta. "Baba, idonka ba ya gani sosai, wa zai dafa maka?" Ya ce sai ya cire abin da ya shuka. Da ya cire ya raba wa maƙwabta, ya naɗe ragar ya ba matar mai walda, ya bi 'yarsa.

Yanzu yana hawa na uku a wani dogon bene. An yi masa aikin ido, ya samu sauƙi. Ya jera bokitai a baranda yana noman albasa da tumatir, suna kuma yi da kyau, don babu abin da ke hawowa ya taɓa su. Surukinsa ya taɓa yaba masa, ya ce lambun nan ba shi da matsala ko ɗaya. Baba Birki ya ce haka ne, ya zuba sauran ruwan, ya koma ciki.