Malam Babagana na Koki da Salansar da Ta Yi Ja

Da sunan Allah, wanda ya sanya amfani a cikin ƙarfe, ya raba wa bayinsa fasaha yadda ya so.

Duk wanda ya saba sallar asuba a masallacinmu na Koki ya san gurbin Malam Babagana: sahun farko, daura da taga. Idan aka sallame ba ya gaggawa. Sai ya kammala laziminsa, ya leƙa marasa lafiyar unguwa, sannan ya saka shuɗiyar rigar nan da baƙin mai ya rine, ya hau tsohon babur ɗinsa zuwa garejinsa a wajen Ƙofar Ɗan Agundi, inda manyan motoci ke jiransa. A kan wannan hanya gemunsa ya yi fari. Yanzu gwiwa ta hana shi shiga ƙarƙashin mota, ya miƙa garejin ga waɗanda ya horar. Ya wajaba a ambaci alherinsa tun yana raye yana ji.

Tirelolin zamani suna zuwa da wata tukunya a jikin salansa, cikinta kamar saƙar zuma, aikinta tare kunkunniyar hayaki. Idan ta tara, injin kan ɗaga zafi ya ƙone ta sannu a hankali, amma sai mota ta samu doguwar hanya. In ba ta samu ba, akwai fitila a gaban direba da ke gargaɗinsa. In aka yi sakaci, rana ɗaya tarin zai kama da wuta gaba ɗaya. Makanikai da yawa maganinsu guduma ce: a farfashe cikin tukunyar a huta. Malam Babagana bai taɓa yarda ba.

"Hayakin da ka saki, a ƙirjin wa zai sauka?" in ji shi. "Mai awara a bakin titi ce za ta shaƙa, ba kai ba."

Mutanen gareji ba za su manta da ranar da aka jawo motar Alhaji Isiyaku, wani attajirin unguwarmu, ba. Direbanta, Sule, magidanci ne mai iyali. Ya ɗauko auduga a hanyar Wudil, sai salansa ta yi ja kamar garwashi, tampol ya fara narkewa. Allah ya taimake shi ya tsaya, jama'a suka janye kayan. Tun kafin a iso gareji Alhaji ya karɓe makullinsa. Kuma kowa ya sani, direban da aka kora da sunan ya kusa ƙone mota, babu mai sake damƙa masa wata.

"Malam, kada ka wahalar da kanka," in ji Alhaji. "Gudu ne. Ya mai da min mota jirgin sama."

"Wallahi, Alhaji, har ɗan adaidaita sahu sai da ya wuce ni yana yi mini dariya," in ji Sule.

Malam Babagana ya ce, "Alhaji, ajiye fushin tukuna. Ba a yanke wa mutum hukunci sai an ji shaidar mota."

Ya bari ƙarfe ya huce, sannan ya bi ta a tsanake. Ya duba nozul, masu fesa mai a cikin inji, ko suna zubar da gas cikin salansa, ya same su lafiya. Ya zura yatsa ta wajen tobo, mai tura iska cikin inji, ko baƙin mai na tsiyaya, ya fito a bushe. Ya gwada na'urorin auna zafi, ya hura siraran bututun da ke jikin tukunyar, duk ƙalau. Da aka sauke tukunyar kanta, sai ga ta a toshe, gefe guda ya babbake. Sai ya zaunar da Sule a kan benci, domin ɗabi'arsa ce ya tambayi direba yadda yake yini.

"Ina kake kai ta kullum?"

"Daga sito zuwa kasuwa ne, Baba, sai jiran layi injin na aiki. Wannan ce fitata ta farko tun kafin azumi."

"Fitilar tukunya ba ta taɓa kama maka ba?"

"Wace fitila?"

Mutane suka fashe da dariya. Alhaji ya tafa hannu. "Kun ji ko? Bai ma san da ita ba!"

Malam Babagana bai yi dariya ba. Ya karɓi makulli, ya kama ƙofa ya hau da ƙyar, ya murɗa. A irin wannan mota, da an murɗa makulli dukkan fitilun gaban direba sukan kama na ɗan lokaci. Suka kama, ban da guda. A daidai muhallinta akwai wata koriyar sitika ɗauke da addu'ar hawa abin hawa. Ya yi bismillah, ya ɗaga gefenta da farce. Ga fitila a ƙasa, rawaya, tana ci.

A nan ne halin mutumin ya bayyana. Bai ɗaga murya ba. Ya yafito Alhaji shi kaɗai, da ya hawo sai ya ja ƙofa ya rufe.

"Wa ya manna wannan?"

Alhaji ya amsa. "Ni ne. Ranar da motar ta iso. Daga Makka na zo da sitikar."

"Allah ya karɓi niyya. Addu'ar ba ta gaza ba, ga direba da ransa, ga kaya. Muhallinta aka kuskure."

Ya ɓamɓare ta a hankali don kada rubutun ya yage, ya manna ta a saman gilashi. Da ya sauko, iyakar abin da ya faɗa shi ne, "Fitilar ce a rufe. Sule ba shi da laifi." Alhaji Isiyaku ne da kansa ya sauko ya bayyana sauran a gaban kowa, ya damƙa wa Sule makulli, ya ce, "Yafe mini, ɗana." Daga bakinsa muka ji abin da aka faɗa a cikin motar, ba daga bakin Malam ba.

Kai ne, Malam Babagana, wanda bai bar zato ya riga bincike ba. Kai ne ka wanke bawa ba tare da ka tozarta ubangidansa ba. Likitan manyan motoci, mai suturta manyan mutane! Mun karanta a littattafai cewa aiki amana ne, kuma a hannunka muka ga tafsirinsa.

Mun gode. Allah ya ba gwiwarka lafiya, ya sanyaya makwancin mahaifanka, ya sa gumin nan ya zama haske a mizaninka.

Ku kuma masu riƙe da sifana a yau, da duk wanda aka ba ikon yanke wa wani hukunci, ku ɗauki wannan hanya: ku tambaya, ku duba, sannan ku yi magana. Wanda ke son shaida ya tsaya a bakin Ƙofar Ɗan Agundi da safe. Motar na nan tana wucewa, addu'a a saman gilashi, fitila a buɗe, Sule a kan sitiyari.