Sifanar da ake miƙo wa Malam Sabo

Wallahi abin nan a kaina ya faru, ba ji na yi ba, lokacin ina zaune a Unguwar Gano, shekarar da yayana ya rasu ya bar mini 'ya'yansa da tsohuwar tasi ɗinsa. Da motar nan zan ciyar da su, ba ni da wata hanya, shi ya sa na kai ta garejin wani bakanike a Gyaɗi-Gyaɗi, Malam Sabo, na ce inji kawai zai duba.

To, mutumin nan ya mayar da ni ɗan zarya, kullum sai gobe, har abinci ya fara yankewa a gida. Ni kuwa da ma ga zuciya kamar fetur. Wata rana bayan la'asar na je ina ta faɗa, na ce ko ta gyaru ko ba ta gyaru ba yau zan janye ta.

Na yi ta yi har na gaji. Sannan ya ce, "Malam, tsoron motarka nake. Zo ka kwanta ka gani."

Muka shige ƙarƙashinta, ya miƙa hannu waje yadda suke yi in suna son a ba su kayan aiki. Na rantse da Allah sai ga ƙaramar sifana an ɗora masa a tafi. Na leƙa ta ko'ina, ga gari da haske, babu ƙafar kowa kusa da motar! Sai na hau salati.

Ya ce tun ranar farko haka ake masa, kuma kullum sifanar birki ce, alhali shi inji aka sa shi, shi ne ya gudu ya bar aikin. Na ce, "To don Allah bi abin da aka nuna maka." Yana taɓa bututun man birkin ya ɓalle a hannunsa, ashe tsatsa ta cinye shi saura ƙiris. Kuka ya ƙwace mini a nan kwance, don da motar nan na yi niyyar kai yaran ƙauye gaida kakarsu.

Daga ranar ba a sake miƙo komai ba. Wane ne mai miƙowar, Allah masani, ban kuma taɓa faɗa wa matar marigayi yayana ba. Ni dai shawarata, in bakanike yana ja muku rai, kafin ku ɗaga murya ku tambaye shi abin da ya gani.