Ƙarfen da Gara Ta Lulluɓe

Ranar da ɗan robot ɗinmu ya yi aiki a makaranta, wallahi ihu na yi har malami ya leƙo. Wata 'yar mota ce mai kyamara, mun ɗura mata hotunan bama-baman da suka faɗi ba su fashe ba. Da ta hango ɗaya sai ta zagaye shi da jan layi a waya, ta tsaya cak. Nan take na watsa a sitatus: "Mun fasa gari!"

Kafin la'asar labari ya kai garinmu Runka. Baba har a masallaci yana faɗi, ɗiyarsa ta ƙera na'ura mai ganin bam.

Da ruwan shuka ya sauka sai ga hoto daga yayana. Gonarmu ce ta bayan rafi, wadda muka bari tun da aka yi artabu a wajen. A tsakiyar kunya ga wani abu dogo, rabinsa a ƙasa, gara ta yaɓe shi da jar laka tas. Sai kiran Baba.

"'Yar boko, nuna wa na'urarki. Gobe nake son sa shanun huɗa."

Na saka hoton. Shiru, ba layi. Na ƙara haske, na juya shi, ko gezau. Ai duk hotunan da muka koya mata na ƙasashen waje ne, ƙarfe fes a kan ciyawa. Ba ta taɓa ganin aikin gara ba.



"Baba, kar ku shiga."

"Ita ta ce?"

"A'a. Ita ba ta ga komai ba."

"To ke me kika gani?"

"Ni ma ban gani ba. Shi ya sa."

Ina jin saniya tana kuka a bayansa, ya ce: "Gonar nan ce rumbunmu, kin sani ko?"

Na sani.

Ya tare hanyar da ƙaya, ya kai wa mai gari magana. Kafin masu kwance bam su iso, geron maƙwabta ya kai gwiwa. Bam ɗin ne kuwa. Shekarar nan da awo muka ci tuwo.

Yanzu laka nake kwaɓawa a bayan aji, in yaɓe guntayen bututu, in ɗauki hoto in koya wa na'urar. Wani ta gani. Wani har yau wucewa take yi ta kansa.