Firigon Ishaƙu da Macijin Naja'atu

Ishaƙu mai nama na unguwar Ganou a Parakou mutum ne da ba ya iya ganin ƙuda ya yi shiru. Tun yana koyon fawa a hannun mahaifinsa a Djougou aka san shi da wannan hali, da ya koma Parakou kuwa abin ya ƙaru. Ba mai taɓa wuƙarsa, kuma naman da bai ga yankansa da idonsa ba ba ya shiga firigonsa. Wannan firigo na daskarar da nama, dogo fari mai murfi a sama, shi ne mutuncinsa. A zaure yake, mata masu abincin sayarwa sukan buɗe da kansu su zaɓa, don sun san ba abin kunya a ciki.

Ana nan sai 'yarsa Naja'atu ta gama karatun kiwon dabbobi a Cotonou, ta dawo da akwatin gilashi.

"Ke, mene ne wannan yake motsi?"

"Bowa ne, Baba. Ɗan'uwan mesa ne daga ƙasar waje. Ba dafi, ba faɗa. Wasu na cewa ya dace da wanda zai fara kiwon maciji."

"Zai fara? Ashe na biyu yana hanya! Mutane na tura 'ya'yansu makaranta su dawo da aiki, ni tawa ta dawo mini da igiya mai numfashi."

Ta yi masa bayani a tsanake, cewa jariri ne tukuna, nan gaba zai fi ƙofar zaure tsawo, kuma yakan haura shekara ashirin a duniya.

"Wato shi zai raka ni kabari," in ji Ishaƙu.

Duk da haka ya bar shi a ɗakinta. Kuma da yake a gidansa ko kyanwar maƙwabta ba ta kwana da yunwa, ya yanko tsoka mai kyau ya jefa a akwatin. Maciji ya zaro harshe, ya juya kai. Wannan ya ƙona ran Ishaƙu fiye da zuwan macijin kansa.

"Naman da ake yi wa layi shi ne wannan zai raina?"

"Ba ya cin yankakke, Baba. Sai abu ɗungurungum, da gashinsa da ƙashinsa."

Bai tambayi wane abu ba, bai kuma tambayi inda ake ajiye shi ba.

Wata safiya Hadjo, mai shinkafa da miya a bakin tasha, ta buɗe firigo kamar yadda ta saba. Ta tona can ƙasa ta ɗago baƙar leda, ta kwance. Wutsiyoyi ne suka fara leƙowa. Ɓeraye ne, sun daskare, a jere kamar an shirya su kai kasuwa.

Hadjo ta ajiye ledar, ta goge hannu da zane. "Malam Ishaƙu, tun ina amarya nake sayen nama a nan. Ashe ka ƙara kaya ba ka faɗa mana ba?"

Ta fita ba ta ɗauki ko ƙashi ba. Ishaƙu ya san bakin Hadjo, kafin azahar duk Ganou ta ji.

"A leda biyu na ƙulle su, Baba," in ji Naja'atu. "Wallahi ba abin da ya taɓa naman."

"To fita ki gaya wa Ganou leda biyu!"

Ya ga gara labarin ya fito daga bakinsa. Ya ja firigon har tsakiyar titi, ya kwashe naman ciki kaf ya ba masu karnukan farauta. Ya kawo tafasasshen ruwa da sabulu ya dinga dirza, duk wanda ya tsaya tambaya sai ya ce, "Abincin macijin 'yata ne. Ita ta yi karatu, ni nake wanki."

Dama an yi wa Naja'atu tayin aikin duba shanu a Pélébina, kusa da Djougou, tana ta jan ƙafa. Washegari ta ce ta karɓa. Ishaƙu ya raka ta har Djougou, akwatin a kan cinyarsa, don direba ya rantse ba zai taɓa ba. A can, yayan Ishaƙu, Tahirou, wanda ɓeraye suka addabi rumbunsa, ya tarbi macijin kamar baƙon Makka. Ishaƙu ya dawo Parakou shi kaɗai.

An ɗauki makonni kafin Hadjo ta dawo, sauran mata suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya. Har yau sai ta kwance kowace leda ta leƙa, shi kuwa yana tsaye yana kallonta. Firigon yanzu da kwaɗo, makullin a wuyansa. Ranar Juma'a yakan kira Naja'atu, ya tambayi aiki, ya tambayi Tahirou, sannan can ƙarshe ya ce, "Wancan ɗin fa, yana ci?"

Kwanaki wani malamin makaranta ya tambaye shi ko bowa ya dace da mai fara kiwon maciji. Ishaƙu bai daina wasa wuƙa ba.

"Ya dace mana," ya ce, "in ubanka ba mahauci ba ne."