Kwarin da Baba ya hana a noma

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Garba, Allah ya jiƙansa. A sauran shekarun, idan lokacin ya zagayo, addu'a nake yi masa, mu soya masa a raba wa maƙwabta, in ja bakina in yi shiru. Bana na kasa yin shirun. Tun ambaliyar daminar da ta wuce, ko ruwa aka juye daga bokiti zuwa randa sai gabana ya faɗi, kuma duk sanda ya faɗi Baba nake tunawa.

Ƙauyenmu yana bakin gulbi a ƙasar Kebbe. Bayan gari akwai wani babban tafki, kuma gonar Baba ce ta shiga tsakanin gulbin da tafkin. Wani kwari ya ratsa gonar daga gaɓa har tafki, faɗinsa bai wuce taki goma ba. Duk fadamar babu ƙasa irin tasa, baƙa, mai laushi, tana riƙe danshi har tsakiyar rani. Amma Baba bai taɓa jefa ƙwaya ɗaya a ciki ba. Duk bazara, kafin ruwan fari ya sauka, sai ya ɗauki shebur da adda ya shiga yashe shi, yana sare geza, yana kwashe yashin da ya toshe bakinsa. Idan gulbi ya cika ya fara neman gari, sai ya tarar da wannan hanya a buɗe, ya bi ta ya zube a tafki.

Ni nake kai masa fura. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana. Ina zaune a inuwa sai masu wucewa kasuwa su tsaya su tsokane shi.

"Malam Garba, bana ma kifi za a shuka?"

"Kifi nika shukawa," in ji shi, ko ɗagowa ba ya yi, "kai ko ka fi kowa sammakon girbi."

Gaskiyarsa ce. Duk ranar da aka buɗe su, wato kamun kifi, a tafkin, gari kan watse, maza da koma da gora, mu kuma a gefe muna jiran ƙananan da za a jefo mana. A tafkin nan muka ciro bado muka ci har haƙoranmu suka yi baƙi. A nan shanun gari da na baƙi suke shan ruwa har damina ta dawo, kuma rijiyoyin unguwar da ke kusa da shi ba su taɓa ƙafewa ba a sanina. Da na tambaye shi dalilin da ba ma noma kwarin, cewa ya yi, "Ba namu ba na, Uwata. Gulbi ad da shi, ni gadi nika yi." Na yi dariya, na ɗauka wasa ne irin nasa.

Ina aji biyu na sakandare a Tambuwal aka zo aka ɗauke ni a babur, ba a gaya mini komai ba sai da na hango mutane a ƙofar gidanmu. Baba ya rasu ya bar mu mu uku: Inna, da wana Yaya Bello, da ni. Ba a raba gonar ba. A wajenmu ɗa namiji kan ci gaba da noma duka, ya ciyar da gida, mace kuwa ba ta buɗa baki ta tambayi nata.

Sai aka jera damina biyu ta fari. Gero ya ƙone a tsaye, gulbi ko kusa da bakin kwarin bai zo ba. A duk gonar, wuri ɗaya ne ya rage da danshi. Yaya ya kira gayya, aka cika buhuna da ƙasa aka yi jinga a bakin kwarin, ya baje cikinsa, ya kawo injin ban ruwa ya dasa albasa. Ba na rubuta wannan don in tona masa asiri. Albasar nan ita ta riƙe gidanmu, da ita na gama makaranta, kuma ni da hannuna na tuƙa tuwon masu gayyar. Babu wanda ya ce a bari. Da tafkin ya fara ƙafewa tun kafin rani ya raba, sai muka ce sauyin yanayi ne da ake faɗa a rediyo, muka ƙara wa guga igiya.

Ranar da ambaliyar ta zo ko hadari babu. Bayan Azahar ne, ina wanke kwanuka a tsakar gida, sai na ga ruwa yana shigowa ta rariyar da ya saba fita. Na tsaya ina kallonsa kamar wawiya. Kafin in kira Inna ya rufe mini idon sawu. Yaya yana kasuwar Dogon Daji, Inna kuwa gwiwarta ba ta barinta sauri, sai na goya ta na ɗaure da zani. A lungun masallaci ruwan ya kai mini ƙirji, yana ja na gefe, Inna tana cewa in sauke ta in tsira, ni kuma ba na ma iya amsa mata. A bayanmu na ji ɗakinmu ya zauna, sannan rumbu ya bi shi. Har yau ban san yadda muka kai makarantar firamare da ke kan tudu ba. Mako uku muka yi a cikin aji.

Wasu sun ce ruwan wata madatsa aka saki can sama, wasu sun ce ruwan sama ne ya yi yawa a wani wuri. Ban sani ba. Abin da na gani da idona bayan ruwa ya janye shi ne jingar Yaya tana nan daram, tafkin kuma ko rabi bai kai ba. Ruwan da ya rushe mana gida, ga shi yanzu cikin rani muna nemansa a ƙasan rijiya.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga wannan zamani. Daminar da ya sani ba ita ce ta yanzu ba. Yanzu ruwan wata guda kan sauka a kwana uku, sannan sama ta ɗauke har shuka ta yi yaushi. Ba na cewa kwarinsa kaɗai zai shanye irin ruwan bara. Amma na tabbata da ya ji ana shawara a ƙofar mai gari cewa a ƙara wa gaɓa tsayi da buhuna, zai bari har a gama, sannan ya tambaya: to in kun tare shi, ina kuke so ya je?

Mata ba sa zuwa wannan taro. Don haka na yi abin da ake jin kunyarsa. Na sami Yaya yana gyaran injinsa na ce a fitar mini da rabona na gado, kuma kwarin nake so.

Ya ɗago ya dube ni. "Ke, ko aure ba ki yi ba kina neman gado? Mi mutane za su ce? Yunwa nika bari ki kwana da ita?"

"Yaya, ba noma za ni yi ba. Buɗe shi za a yi."

"To mu ci mi? Ruwa?"

Sai na fashe da kuka. Ya tashi ya bar ni a wurin, kwana goma sha biyu gaisuwata kawai yake amsawa.

Daga baya aka kira liman don a raba gonar. Da ya zo da igiya aka auna, sai aka ga rabona bai kai tsawon kwarin ba. A nan Inna ta aiko daga cikin gida cewa a haɗa tumuninta da nawa. Duk da haka sai da ya rage wani ɗan yanki a bakin gulbi, daidai inda jingar take, kuma shi ya faɗa rabon Yaya. Liman ya dube shi. Yaya ya dubi albasarsa da ta kusa isa cira, ya ce, "A bari in kwashe ta tukuna."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Saura wata biyu damina ta faɗi.

Baba bai bar dukiya ba, ko hotonsa guda ɗaya ne, shi ma ruwa ya tafi da shi. Abin da ya bari aiki ne wanda ba ya ƙarewa, wanda sai an sake shi duk shekara, kuma ba a gane amfaninsa sai an daina. Ni da Inna mun riga mun sa an fara yasa daga wajen tafki, ana tahowa. Jiya masu aikin suka iso gindin jingar, suka jingina shebur a jikin buhunan, suka dawo gida. A nan muke jiran Yaya.

Allah ya kai haske kabarinka, Baba.