Hoton Fadi da Addarta

Har gobe ban manta da ranar da na je Iware ɗaukar hoton iyalin Malam Hamman ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan kuna tsammanin danna maɓalli shi ne aiki, ku gyara zama ku ji.

Lokacin na riga na yi ritaya daga sashen hoto na ma'aikata, inda na tashi a matsayin babban mai ɗaukar hoto, na buɗe ɗan shagona a unguwar Sarkin Dawaki a nan Jalingo. Mai ɗakina ta rasu, yara sun watse, wani Jos, wani Abuja. Sai ni sai kyamara. Asabar, da Lahadi bayan an tashi coci, gidajen mutane nake bi ina ɗaukar 'ya'yansu, in dawo in dafa abin da zan ci ni kaɗai.

Malam Hamman jami'in kwastan ne, Bafillace, an yi masa canjin wurin aiki zuwa Fatakwal. Yana son hoton iyali a gonar mahaifiyarsa kafin su tashi. Ƙarshen damina ne, ciyawa kore shar, duwatsu sun fito sarai daga nesa.

Ga yadda nake aikin yara a waje, kuma na sha gaya muku ba kwa ji. Ba a jera su kamar kuratan soja. Ka je da wuri, ka rataya kyamara a wuya, ka bar su su taɓa ta, su gaji da kai. Ka jira la'asar, rana ta yi sanyi. Ka durƙusa daidai tsayinsu, ko da gwiwa na ƙara irin tawa. Kuma kada ka kuskura ka ce wa yaro ya yi murmushi, haƙora kawai zai ba ka.

Yara uku na tarar. Maza biyu ƙanana, masu ƙiriniya, sai yayarsu Fadi, ba za ta wuce shekara tara ba. Ita ce 'yar fari. Wanda bai zauna da Fulani ba sai an yi masa bayani: tun da aka yaye ta aka kai ta wurin kakarta, wadda kowa ke kira Inna. Uwar da ta haife ta, Dija, ba ta faɗin sunanta, ba ta wasa da ita, ba ta zama kusa da ita a gaban mutane, balle a gaban suruka. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Fadi ma ba ta ce mata Mama, Adda take cewa, wato yaya. Tafiyar Fatakwal da mazan za a yi. Fadi tana nan wurin Inna.

Ina goge gilashin kyamara a gindin mangwaro sai ga ta ta tsaya a gefena, tana kallon ƙasa.

"Baba mai hoto, in za ka ɗauka, ka sa ni kusa da Adda."

Na ce mata an gama. Da aka shimfiɗa tabarma domin hoton kowa da kowa, na kama hannunta na zaunar da ita jikin Dija kamar ban san komai ba. Dija ta jawo ƙaramin yaron ta dasa shi a tsakaninsu. Na sake juya zaman wai don haske, ta miƙe wai za ta gyara mayafi, ta dawo ta ɗaya gefen. Inna ta yi dariya ta ce, "Mai hoto, kai dai ba ka da ta ido. Miƙo mini yarinyata nan." Aka ɗauka. Fadi ta yi kyau a cinyar kakarta, amma ni na ga idonta, kuma raina ya ɓaci.

Na ce yara su je su yi wasa, manya su huta. Na sa gilashi mai jawo nesa, na koma bayan rumbu. Mazan suka bi akuya da gudu, Malam Hamman da Inna suka bi su da ido suna dariya. Fadi ta ratsa ciyawa, ƙarangiya ta cika mata gefen zane, ta tsaya bayan mangwaron tana fama ita kaɗai.

Sai na ga Dija ta waiga hagu da dama, ta zagaya. Ta durƙusa tana cire ƙarangiyar ɗaya bayan ɗaya, fuskarta na kallon wani wuri. Ta gama cirewa, amma hannunta bai bar ƙafar yarinyar ba. Fadi ta tsaya cak, ko motsi ba ta yi. Nan na danna, sau ɗaya.

Da na wanke hotuna na haɗa albam, ban sa wannan a ciki ba. In ya shiga hannun dangi, an samu abin tsokanar Dija ke nan har tsufanta. Ana gobe za su tashi sai ga ta a shagona ita kaɗai, ta ce ta zo karɓar albam. Ta buɗe, ta rufe, ba ta tashi ba.

"Baba, akwai wanda ba ka sa ba. Na ji ƙarar kyamara."

Na ciro na miƙa mata. Ta daɗe tana kallo. Na ce ta tafi da shi, nata ne. Ta girgiza kai, ta ce kayanta ba su da sirri, ƙannen maigida ne ke ɗaure mata su.

"Ita ta gani?" Ko a nan ba ta faɗi sunan ba.

Na ce a'a.

"Ka kai mata. Amma sai mun tafi."

Ranar kasuwar Iware na hau babur na kai. Na sami Fadi tana dawowa daga rijiya, ta sauke bokiti, ta goge hannu a zane, ta karɓa. Ta duba ta ce, "Ba ta kalle ni ba."

Na ce, "Dubi hannunta."

Ta duba. Ta ɗora yatsa a wurin. Can ta miƙo mini hoton, ta yi godiya da Fulatanci, ta ce, "Ka ajiye mini a shagonka. In Inna ta gani za ta ce na fi son Adda, ba za ta ji daɗi ba."

Wallahi a hanyar dawowa sai da na tsayar da babur a gefen titi, don ba na ganin gabana sosai. Na tuna ni ma gidan da zan koma ba mai ce mini sannu da zuwa.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Mutanenmu ba duk abin da ke ransu suke yi a gaban kyamara ba, don haka ku iya jira, ku iya komawa gefe. In kuma kun kama abin da aka ɓoye, ba naku ba ne, amana ce. Kada in ga wani ya watsa irin wannan a waya wai yana tallar aikinsa.

Hoton yana cikin aljihun teburin can, kuma kada wanda ya buɗe. Fadi tana sakandare a nan Jalingo yanzu. Wani lokaci in an tashi makaranta takan biyo, ta gaishe ni, in ciro mata, in fita waje kamar ina da abin yi. In na dawo na tarar ta mayar da shi da kanta, ta tafi.